Wayar ofis mai ajiye saƙon murya: in saya ko in haƙura?

Mai Taki: Salamu alaikum. Ina da ofishin saida taki da maganin feshi kusa da Tsohuwar Kasuwa, yara uku, layi ɗaya. Lokacin Azahar da bayan mun tashi, kira na wucewa ba mu san wa yak kira ba. An kawo mini shawarar na'urar da ke ɗaukar saƙon murya, tana kuma rubuta lambar da ta kira, da lokaci, da wanda ya ɗauka. Naira dubu 280 har da haɗawa. Ina da sola. WhatsApp ba ya yi mini, rabin masu sayena manoma na masu ƙaramar waya.

Ɗan Mabera: Alhaji ka buɗe WhatsApp Business kawai, kyauta ne.

Hajiyar Arkilla: Ni na sa irinta a shagona na atamfa. Wallahi har yau in na tuna raina ɓaci yakai. Wanda ya haɗa ya bar gaisuwar da Turanci. Mata su kira daga Illela da Gwadabawa, su ji Baturiya na magana, su kashe, su ɗauka lambar ta lalace. Wata biyu ina ganin ciniki na raguwa ban gane ba. Sai da wata dattijuwa taz zo da ƙafarta tac ce, "Ɗiyata, kin saida layinki?" Na nemi mai haɗawa ya canza murya, lambar sirrin na hannunshi, shi kuma ya bar gari. Tana nan cikin kwali.

Injiniya: Hajiya, laifin mai haɗawa ne. Ana naɗar gaisuwa da Hausa cikin minti biyu. Alhaji, dubu 280 ya yi yawa, na haɗa ma wani a 150. Kafin nan gwada danna **61* sai lambarka sai # a layin ofis, duk kiran da ba a ɗauka ba zai dawo wayarka. ##002# ke cire shi.

Hajiyar Arkilla: Dubu 150? Ni 400 na biya. Kuma kai sana'arka ce, dole ka yabe ta.

Injiniya: Wanda ya haɗa goma da wadda ta sayi ɗaya, wa ya fi sani?

Ɗan Mabera: Basakkwace zai bar saƙo? Gaisuwa kaɗai za ta cinye minti uku: ina gajiya, ina iyali, ina zafi.

Malam Na Gawon Nama: Rajistar kiran ita ce mai amfani. Da ita na gane yarona na karɓar oda yana kai ma wani shago. Amma ku gaya ma yara ana rubutawa, kada a shiga haƙƙinsu.

Mai Taki: Malam, tana nuna kiran da aka yi da wayar yaron ta kanshi?

Ɗan Mabera: Ku bar wannan. Tun ƙarin kashi 50 da anka yi ma kuɗin kira a 2025, katin dubu ɗaya ba ya kai ni Juma'a. Kuma a Mabera sai ka fito tsakar gida kafin a ji ka.

Hajiyar Arkilla: Mu nan da magariba ma ɗaukewa yakai gaba ɗaya. Wane layi kake amfani da shi?