Yarona kullum a makare yake kai sanda, me za mu yi?

Baban ɗan wasa: Assalamu alaikum jama'a. Waɗanda suka san besbol don Allah ku taimaka. Yarona ɗan shekara 11 yana buga Little League, wato gasar besbol ta yara, a nan Bronx da ke New York, kuma badame ne. In aka ɗora masa ƙwallo a kan turke a gida, watsa ta yake yi. A fili kuwa, ko ta wuce shi, ko ya taɓa ta ta karkace waje ta gefen zango na farko, wato gefen dama na fili. Kocinsu ba ya cewa komai sai "ka yi sauri". Ni ƙwallon ƙafa na sani. Ko in canza masa sanda mara nauyi ne?

Tsohon ɗan wasan sakandare: Wa alaikumus salam, Alhaji. Riƙe kuɗinka tukuna. Inda ƙwallon ke faɗawa ya riga ya faɗi ciwon: badame in ya makara, gefen zango na farko take yi, in ya yi gaggawa, gefen na uku, wato hagu. Naka ya makara, kuma galibi ba nauyin hannu ke jawo haka ba, rashin shiri da wuri ne.

A shekarunsa, ƙafa 46 ne tsakanin mai jifa da mai bugu. Ƙwallon da ke gudun mil 60 a awa cikin kamar rabin sakan take isowa. Yaron da ya tsaya ƙiƙam har aka saki ƙwallo, sannan ya fara ja da baya, ya taka, ya kai sanda, ina zai samu lokacin ayyuka uku? Biyu na farko tun ƙwallo tana hannun mai jifa ake yin su. Da mai jifa ya ɗaga gwiwa, shi ma ya mayar da nauyinsa kan ƙafar baya a hankali, hannuwa su koma kusa da kafaɗar baya, kamar ɗan dambe da ya ja hannun ɗauri yana jira. Lokacin da ƙwallo ta baro hannu, ƙafar gaba tana kan sauka. Abin da ya rage, yanke shawara: a buga ko a ƙyale.

Maman 'yan biyu: Ƙari a kan wannan, in shi ne na gaba a layi, kada ya tsaya kallon 'yan kallo. Ya riƙa takawa tare da kowane jifa da ake yi wa wanda ke gabansa. Kyauta ake karantar mai jifa a wurin nan.

Mai son wasan Japan: Ni a ganina a koya masa ɗaga ƙafar gaba sosai. Sadaharu Oh, shahararren ɗan wasan Japan, a 1962 ya koma tsayuwa da ƙafa ɗaya, da taimakon kocinsa Hiroshi Arakawa, don gyara lokacin bugunsa, ya ƙare da bugun fitar-da-fili 868.

Tsohon ɗan wasan sakandare: Ɗan'uwa, Oh ƙwararre ne da ya daɗe yana horo a kan tsayuwar nan kafin ta zauna masa. Yaron da ya riga ya makara, in ka ƙara masa dogon motsi, ƙara makara zai yi, kansa ma ya riƙa rawa. Albert Pujols, tsohon ɗan wasan babbar gasar Amurka, lokacin da yake wasa buɗe ƙafafu yake yi, da ƙyar yake takawa, ya kuma haura bugun fitar-da-fili 700. Ƙaramin taki ya ishi ɗan shekara 11.

Baban ɗan wasa: Na gode ƙwarai. To wurin atisaye mai injin jifa fa? Can nake kai shi duk Asabar.

Maman 'yan biyu: Yaya, ai wataƙila injin ma na cikin abin da ya ɓata shi. Yawancinsu ba su da gwiwa ko hannun da yaro zai bi, sai dai ƙwallo ta fito kwatsam. Kai ka jefa masa, ko da daga kusa ne, kana bayan raga, ka ɗaga ƙafa kamar mai jifa na gaske. Wani ya ɗauki bidiyo da waya daga gefe, ku tsayar daidai inda ƙwallo ta bar hannunka, ku ga ina ƙafarsa take.

Tsohon ɗan wasan sakandare: Batun sanda kuma, ya miƙe hannu ɗaya ya riƙe ta a kwance. In ta rinjaye shi nan da nan, to ta yi masa nauyi. In za ka saya, duba tambarin USA Baseball a jikinta, don tun 2018 Little League ba ta yarda da sandar ƙarfe marar shi ba a rukuninsu.