'Yan amshin shata ne ko masu neman lafiya?

Dattijo: Jama'a, abin nan ya ishe ni. Tun 1992 FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, ke da hanyar gaggawa ta ba magani izini: in magani ya rage girman ƙari, sai a sake shi kasuwa tun ba a tabbatar yana ƙara wa majinyaci kwana ba. A 2008 aka ba Avastin izinin maganin sankarar mama ta wannan hanyar, a 2011 aka janye, don gwajin da ya biyo baya bai nuna ƙarin kwana ba, ga hawan jini, ga zubar jini. Duk da haka ƙungiyoyin majinyata na ta sintiri a majalisa wai a ƙara sassautawa. 'Yan amshin shatan kamfanonin magani!

Uwar Biyu: Haba Baba! Matar da gashinta ya zube, take ƙirga watanni, ita ce 'yar amshin shata? Don Allah ka janye kalmar nan.

Ɗan Boko: Anti, ai ƙungiyoyi ya ce. Kuma da yawansu na karɓar tallafi daga kamfanonin, ba a ɓoye yake ba.

Uwar Biyu: Wanda ya karɓi tallafi shi kenan ya zama maroƙi? Kai wa ya biya maka kuɗin karatu?

Ɗan Boko: Ina ruwan karatuna a nan?

Malam Shiru: Ni inda na tsaya shi ne "ƙara kwana". Magani ba ya ƙara wa kowa kwana, Allah ke da kwana. A gyara harshe.

Ɗan Boko: Malam, lissafin likitoci ake nufi.

Malam Shiru: Ko likita ne ya gyara harshe.

'Yar Famasi: Hanyar gaggawar ma ai majinyata suka ƙwato ta. Masu fafutukar cutar ƙanjamau suka yi wa hedikwatar FDA ƙawanya a 1988. Shatan wa suke amsawa a lokacin? Kuma Breast Cancer Action, ƙungiyar masu fafutuka kan sankarar mama, ba ta karɓar kuɗin kamfanin magani, ta ma goyi bayan janye izinin Avastin. Baba ya yi musu kuɗin goro.

Dattijo: 'Yata, to dokar Right to Try da Trump ya sa wa hannu a 2018 fa? Ta ba mai ciwon ajali damar neman maganin da ya wuce zagayen farko na gwaji kawai, amma ba ta tilasta wa kamfani ya bayar ba. Wa ya ci riba?

Uwar Biyu: Har yanzu dai ba ka janye ba.

Ɗan Boko: An fara kawo Trump, ni na tafi.

Uwar Biyu: Dama ba ka da amsa.

Mai Kula da Zaure: To, a taƙaice: kowa ya yarda Baba ya yi wa marasa lafiya rashin adalci, hujjar 'Yar Famasi kuma ba wanda ya iya tanka ta. Batun Avastin a bar shi sai wani jiƙon. Na rufe.

Ɗan Boko: Kowa? Anti Uwar Biyu ai yayarka ce, mun sani.