Kare Tsofaffinmu daga Faɗuwa: Abin da Aka Tattauna

Jama'a, ga shawarwarin da 'yan'uwa na unguwannin Nima da Mamobi a Accra suka bayar kan yadda za a kare tsofaffi daga faɗuwa.

1. Kowa ya yarda banɗaki da wurin alwala ne suka fi kayar da tsofaffi. A goge gansakuka, a kafa ƙarfen riƙewa a bango, a ajiye kujera don alwala da wanka.

2. A ajiye tocila kusa da matashi saboda ɗaukewar wuta, da fo a ɗaki, kada Baba ya ratsa tsakar gida cikin duhu.

3. Maganin hawan jini da na barci kan kawo jiri. In an farka, a zauna bakin gado minti 1 kafin a miƙe. Kada a daina magani sai likita ya duba.

4. Tsawon sanda ya kai wuyan hannu in an miƙe tsaye, a riƙe ta a ɓangaren ƙafa mai lafiya. Silifas marar madauri a baya, kada a sa shi.

An rabu kan fita masallaci. Wasu sun ce a zauna gida saboda kwatoci; mafi yawa sun ce zama na kashe ƙafa, a haɗa su da rakiya. Ina tare da mafi yawan.

In tsoho ya faɗi, wasu sun ambaci mai ɗori, amma ma'aikatan jinya sun ce in ƙafa ta gajarce ta juya waje, alamar karayar ƙashin ƙugu ce: a kai shi asibitin Korle Bu, kada a sa shi ya miƙe tsaye.