Me ya sa ake ambatar wasu sojoji da suna, wasu kuma a taƙaita su a adadi?

Malamin Firamare:

Assalamu alaikum. Akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya game da yadda ake ba da labarin sojojinmu da suka rasu a bakin aiki. Lokacin da aka kashe sojoji 17 a Okuama da ke Jihar Delta ranar 14 ga Maris 2024, rundunar soja ta fitar da sunayensu da hotunansu, aka binne su a maƙabartar sojoji ta ƙasa da ke Abuja a gaban Shugaba Tinubu, wanda ya ba su lambobin girmamawa, ya kuma yi wa iyalansu alkawarin gidaje da ɗaukar nauyin karatun 'ya'yansu. Sun cancanci haka, babu ja. Amma a Metele ta Jihar Borno, inda aka auka wa sansanin bataliya ta 157 a watan Nuwamba 2018, sai da aka kwashe kwanaki kafin rundunar ta ce uffan, daga baya ta ce mutum 23 ta rasa, yayin da wasu kafafen labarai ke cewa sun kai ɗari. In ban da kwamandansu, Laftanar Kanal Ibrahim Sakaba, sunan wa jama'a suka riƙe? Laifin 'yan jarida ne, ko na hukuma?

Tsohon Saje:

Wa alaikumus salam, Malam. Ni na yi aikin, kuma zan fara da kare rundunar a abu guda. Ba daidai ba ne uwa ta fara ganin gawar ɗanta a Facebook, don haka ƙa'ida ita ce a sanar da magajin da soja ya rubuta a takardunsa kafin a faɗa wa duniya. Bayan ƙazamin faɗa kuma akwai waɗanda suke watsuwa cikin daji, wani sai bayan mako ya ɓullo a wani ƙauye babu takalmi, saboda haka duk adadin da aka faɗa a ranar farko yana iya zama kuskure. Wannan uzuri ne na kwanaki kaɗan, ba na shekaru ba.

Abin da ba shi da uzuri shi ne a binne yaro a maƙabartar barikin Maimalari a Maiduguri, a lulluɓe shi da tuta, a harba bindiga sama, a miƙa wa ƙaninsa tutar da hularsa da takalmansa, sannan ko jarida ɗaya ba za ta buga sunansa ba. Na tsaya a irin wannan jana'izar, na ga tsohuwa tana bin allunan kaburbura tana roƙon a karanta mata, domin ba ta iya boko ba. Bayan haka matar mamacin ce za ta shiga zirga-zirga da takardu tana neman haƙƙin mijinta, ga kuma wa'adin tashi daga gidan bariki yana matsowa. Ranar 15 ga Janairu, ranar tunawa da sojoji, manya sukan ajiye furanni, su saki tattabaru, amma ban taɓa jin an tsaya an karanta sunayen ƙananan sojojin da suka faɗi a shekarar ɗaya bayan ɗaya ba.

'Yar Jarida:

Baba Saje, Allah ya saka da alheri bisa hidimar da kuka yi. Malam, amsar tambayarka ita ce laifin ya rabu, sai dai kason hukuma ya fi yawa. Ɗan jarida ba ya zuwa Malam Fatori ko Baga a Jihar Borno sai da izinin soja da rakiyarsu, kuma idan rundunar ba ta tabbatar da suna ba, edita ba zai yarda a buga shi ba, domin babu ɓarnar da ta kai a ce an kashe wanda yake raye. Jana'izar da aka yi a Abuja kowace kafa tana da wakili a kusa, wadda aka yi a Maiduguri kuwa sau da yawa sai an gama ake jin labarinta.

Namu kason shi ne bin muƙami. Da Laftanar Kanal Muhammad Abu Ali ya rasu a Malam Fatori a watan Nuwamba 2016, an cika shafuka da tarihinsa da rawar da ya taka wajen ƙwato Baga, amma waɗanda suka faɗi tare da shi a daren nan aka dunƙule su cikin "da wasu sojoji". Haka aka yi da jirgin da ya faɗi a Kaduna ranar 21 ga Mayu 2021 ɗauke da Laftanar Janar Ibrahim Attahiru da mutum goma: an fitar da sunayen duka, amma kanun labarai na mutum ɗaya ne. Wannan gyaransa yana hannunmu, ba ya buƙatar izinin kowa.

Baƙo daga Maraɗi:

Ina gaishe ku. A nan Nijar, da aka kashe sojoji 71 a Inates a watan Disamba 2019, an yi zaman makoki na kwana uku a faɗin ƙasa, aka jera gawarwakin lulluɓe da tuta a Yamai, Shugaba Issoufou ya halarta. Bayan wata guda aka sake rasa 89 a Shinagodar, aka sake saukar da tuta. Faɗin adadin a fili ya sa mutane sun san girman abin, har aka sauya manyan hafsoshin soja. Duk da haka, Hajiya 'yar jarida, idan kika tambayi mutum a kasuwa ya kawo suna ɗaya daga cikin mutum 160 ɗin nan, sai dai in ɗan unguwarsu ne.

Malamin Firamare:

Na gode muku duka. Hajiya, ina da ƙarin tambaya gare ki. Idan iyalan mamaci da kansu suka kawo muku sunan ɗansu da hotonsa da takardar sanarwar da aka ba su, shin edita zai buga, ko sai ya jira hedkwatar tsaro ta yi magana tukuna?