Asayimen ɗin jifa daga saman bene

Ɗan Aji Ɗaya: Salam jama'a. Don Allah a ina kuke samun bayanin PHY 101, wato fiziks na aji ɗaya, mai shiga kai? Asayimen ne ya hana ni sakat. Wai an jefa dutse daga saman bene mai tsawon mita 15, gudunsa mita 20 a sakan, kusurwa digiri 30 sama, g (wato yadda ƙasa ke jan abu) = 10, a nemo nisan inda zai faɗi daga gindin benen. Ni na samu 34.6, abokina ya samu 52, kuma ran Litinin za a karɓa.

Sarkin Bayan Aji: Ku haɗa ku raba biyu mana, zumunci ya fi maki 😂

'Yar Famasi: Abokinka ne daidai. Ka zana hoton tukuna.

Yaya Injiniya: Ƙanena ko ba ka faɗa ba na san inda 34.6 ta fito, u² sin2θ bisa g ka saka ko, u gudu, θ kusurwa? Wlh fomulan nan ya ci mutane da yawa. Lokacin muna aji ɗaya akwai wani mai tutoriyal da yake tara mu da daddare, kowa ya biya kuɗinsa, shi kuma aikinsa kawai ya cika allo da fomula ya ce a haddace, in ka ce masa Malam daga ina wannan ya fito sai ya ce babu lokaci, jarrabawa ta matso. Ya raba mana takarda guda, gaba da baya duk fomula, muka yi ta tilawarta. Ranar tes sai ga tambaya irin taka ɗin nan sak, daga saman tsauni aka yi jifan, duk mu 'yan tutoriyal muka zuba fomulan muka fito muna murna. Da takardu suka dawo sai jan biro. Mutumin nan bai taɓa gaya mana ba ko sau ɗaya cewa fomulan baya aiki sai in abin ya sauka daidai tsawon da ya tashi, kamar ƙwallon da gola ya buga daga ƙasa ta sauka a ƙasa. Har yau abin yana min ciwo, don akwai wanda wannan tes ɗin ne ya ja masa kari-oba.

To ga yadda za ka yi. Raba gudun gida biyu. Na tsaye 20 sin30 = 10, na kwance 20 cos30 = 17.3. Na kwancen ba abin da ke taɓa shi har dutsen ya faɗi, tunda an ce a manta da iska. Na tsayen ne ƙasa ke ja. Ka ɗauki sama a matsayin fulos, to dutsen zai ƙare ne mita 15 ƙasa da inda ya tashi, kenan −15 = 10t − 5t², t lokaci ne a sakan. Raba da 5 ka jera, t² − 2t − 3 = 0, t = 3 ko −1, ka watsar da −1. Sai 17.3 sau 3, kusan 52. Ita 34.6 ɗinka nisan da ya yi ne a sakan 2, lokacin da ya dawo daidai saman benen, alhali da sauran sakan guda yana gangarawa.

Ɗan Aji Ɗaya: Allahu Akbar, wato mainos ɗin nan ne. Allah ya saka da alheri Yaya. Amma ni sin30 ɗina −0.988 take ba ni yanzu

'Yar Famasi: Kalkuletarka tana radiyan ne, wato wani ma'aunin kusurwa daban, ba digiri ba. Duba saman gilashin za ka ga R ƙarama, in fx-991ES ce danna shift, mode, 3, za ta koma D, wato digiri.

Sarkin Bayan Aji: Wani ya ara ya dawo maka da ita da aljanu kenan

Baban Lab: Ni fa g = 10 ɗin nan ce ba na so. 9.8 ce, an bar sakandare ai.

Malamin Sakandare: Haba Alhaji, ai tambayar ce ta ba shi 10. Abin da aka ba ka shi za ka yi aiki da shi. WAEC ma 10 take bayarwa kuma ba a ce yaran ba su iya ba.

Baban Lab: Shi ya sa suke zuwa mana firaktikal ɗin fendulum su samu 9.7 su goge su rubuta 10, wai sun yi kuskure

Malamin Sakandare: Wannan kuma laifin wa? Yaro ya gama SS3 bai taɓa riƙe agogon awo da hannunsa ba, aji ɗaya mutum tamanin, kayan aikin suna kulle a sito. Ku zo ku gani kafin ku ɗora mana.

Anti Nas: Ku yi haƙuri malamai, yaron nan inda zai yi karatu ya tambaya fa. Ƙanena ka nemi shafin PhET a intanet, na Jami'ar Colorado ne a Amurka, kyauta ne. Akwai na jifa, igwa ce za ka ɗaga ta sama ka canja kusurwa ka harba kana gani da idonka. Ɗana da shi ya gane dalilin da digiri 30 da 60 suke sauka waje ɗaya a fili.

'Yar Famasi: Khan Academy ma, sai dai bidiyo yana shan data. Ka sauke da daddare.

Sarkin Bayan Aji: Ku duk wahala kuke so, a ɗauki hoto a tura wa ChatGPT

Yaya Injiniya: A ɗakin jarrabawa ma shi zai zauna maka? In za ka yi amfani da shi ka fara yi da kanka, sannan ka gwada amsa, kuma ka bi lissafinsa layi-layi don yana tafka kuskure ba ko kunya.

Malamin Sakandare: Tsofaffin tambayoyin JAMB da WAEC, guda biyar kullum, kowacce da zanenta da yunit. Wanda ba ya iya mayar da kilomita 72 a awa zuwa mita 20 a sakan, ba manhajar da za ta cece shi.

Baban Lab: Da 9.8 dai amsar ta ɗan haura 52, na faɗa muku

Ɗan Aji Ɗaya: Na gode duka wlh. Lamba ta 4 kuma akwati ne a kan gangare da firikshon, wato gogayya, 0.2 aka bayar, in turo?

Yaya Injiniya: Zana ƙarfin da ke kansa duka da kibiyoyi ka turo hoton zanen, bayan isha zan duba.