Ziyarar Mallah, tsohuwar unguwar Yahudawa a birnin Fas: ta ina ake farawa?

Baƙon Fas:
Assalamu alaikum jama'a. Za mu Fas ziyarar zawiyar Shehu Tijjani, mu huɗu, kuma muna da yini guda da babu komai a cikinsa. An ce akwai tsohuwar unguwar Yahudawa da majami'unsu a garin. Daga zawiya ana iya takawa da ƙafa? Musulmi na iya shiga? Me ya kamata a gani, kuma wace rana ce ba ta dace ba?

Malamin Tarihi:
Wa alaikumus salam. Malam, sunan unguwar Mallah, kuma ba a tsohon gari take ba, wato Fas al-Bali inda zawiya take. Tana Fas Jadid, jingine da katangar fadar sarki. A 1438 aka tara Yahudawan garin can, zamanin sarakunan Banu Marin, don su zauna kusa da fada ƙarƙashin kariyarta. Ita ce Mallah ta farko a Maroko, daga gare ta sauran garuruwa suka ari sunan.

Mota ba ta shiga lungunan tsohon gari. Daga zawiya ku gangara zuwa dandalin Rasif, ku tari jar ƙaramar tasi, ku ce Sahat al-Alawiyyin, dandalin da ƙofofin fada na tagulla suke. Ƙaramar tasi mutum uku kaɗai doka ta yarda ta ɗauka, don haka ku huɗu sai mota biyu. Ku tabbata direba ya kunna mita tun kafin ya taka.

Ku fara da maƙabarta, tana kusa da dandalin. Kaburbura ne farare fat da aka shafe da farar ƙasa, bayansu a gantsare kamar rabin ganga, jere har gangaren tudu. Daga nan sai majami'ar Ibn Danan, ginin ƙarni na 17 da aka gyara aka sake buɗewa a 1999. Ƙofarta ƙarama ce cikin lungu, ba ta da bambanci da ƙofar gida, shi ya sa baƙi ke wuce ta su yi ta dawafi. Sai majami'ar Slat al-Fasiyyin, wadda aka gyara da tallafin Jamus aka buɗe a 2013. Bayan Yahudawa sun bar unguwar ta taɓa zama masaƙar darduma, ta kuma zama wurin koyon dambe. Kalmar "slat" kuwa ita ce "salla", haka Yahudawan Maroko ke kiran wurin ibadarsu. Sa'a uku ta isa duka.

Hajiya Mai Ziyara:
Malam ya bar maganar rana, ita ce kuwa ke ɓata wa mutane tafiya. Kada ku je Asabar. Hutun Yahudawa yana kamawa daga faɗuwar ranar Juma'a zuwa daren Asabar, ana rufe maƙabarta. Juma'a ma ba ta da amfani, don masu gadin yawanci Musulmi ne, suna tafiya masallaci, shaguna kuma a kulle. Ku zaɓi tsakanin Lahadi da Alhamis, da hantsi, saboda farin kaburburan yana kashe ido idan rana ta take, inuwa kuma ba ta da yawa.

Musulmi na shiga ba wata tambaya. Ba a cire takalmi. Namiji ya bar hularsa a kai, a wajensu rufe kai shi ne ladabi. Kowane wuri ana biyan 'yan dirhami ga mai gadi hannu da hannu, kuma ba kasafai yake da canji ba, ku tanadi takardun 20 da tsabar 10. Samari za su tare ku a bakin lungu su ce majami'a a rufe take, su kai ku "wata". Ku gode musu ku wuce. Jagoran da hukuma ta sani yana rataye da katin shaida.

A cikin Ibn Danan ku lura da abu huɗu. Akwai kabad na katako a bangon da ke fuskantar Ƙudus, nan ake ajiye naɗaɗɗen littafin Attaura na fata. A kalla, kada a taɓa. Akwai dakalin mai karatu daura da shi. Akwai benen mata a sama. Sannan wani matsattsen matakala ya gangara ƙarƙashin ƙasa zuwa kwarmin wankan tsarki da suke kira mikwe. Matakalan suna da santsi da duhu, dattijo mai ciwon gwiwa gara ya tsaya a sama.

Ɗalibin Ƙarawiyyin:
Gyara ɗaya, Allah gafarta Malam, kafin wani jagora ya ruɗe su. Za a ce muku babban malamin Yahudawa Musa bin Maimun ya zauna a Mallah. Ba ta yiwuwa: ya zauna Fas wajen 1160 zuwa 1165, kusan shekara 280 kafin a kafa unguwar. Gidan da ake dangantawa da shi yana cikin tsohon gari, a titin Tal'a Kabira, gefen tsohon agogon ruwa da ke daura da makarantar Bu Inaniya.

A ganina ma abin kallon ba majami'un ba ne, gidajen ne. Gidan Musulmin Fas bango ne kurum ta waje, duk adonsa na tsakar gida. Na Mallah kuwa barandar katako da manyan tagogi suna leƙen titi. Ku ɗaga kai a babban titin da ke zuwa ƙofar Bab Sammarin. A wasu tsofaffin ƙofofi, ta hannun dama wajen tsayin kafaɗa, za ku ga ɗan rami a jikin dogarin ƙofa. Nan ake saka 'yar takardar ayoyin Attaura. Masu gidan sun tafi, ramin na nan. Yawancinsu sun bar ƙasar tsakanin 1948 da ƙarshen shekarun 1960, zuwa Isra'ila, Faransa da Kanada, 'yan kaɗan da suka rage suna unguwannin zamani na birnin. Don haka kada ku sa ran ganin ana ibada. Kasuwar zinariya ce kawai ta gaji sana'arsu a unguwar.

Malamin Tarihi:
Gyaran ya karɓu. Ƙari ga maƙabarta: duwatsun da za ku gani a kan kabari masu ziyara ne ke ajiyewa, kada yaro ya ɗauka ya share. Kabarin da aka fi zuwa shi ne na Lalla Sulika, budurwa 'yar Tanja da aka kashe a Fas a 1834 bisa zargin ridda. Idan mai gadi ya karanto muku shekarar Ibrananci, ku cire 3760 ku sami ta Miladiyya: 5594 ita ce 1834. Komawa kuma ba sai da tasi ba. Ku fita ta Bab Sammarin, ku ratsa kasuwar Fas Jadid da lambun Jinan Sabil zuwa ƙofar Bab Bujulud, tafiyar kamar rabin sa'a, daga nan Tal'a Kabira gangara ce har kusa da zawiya.