Hanif ya ƙi tsawo: a saya masa ruwan maganin amino asid?

Maman Hanif: Assalamu alaikum. Hanif watansa 20 amma duk wanda ya gan shi sai ya ce bai shekara ba. A awo sun ce tsawonsa ya yi ƙasa, ga zawo yau da gobe. Mai kemis ya nuna min wani ruwan magani na amino asid, wai yana gyara hanji yaro ya miƙe. Akwai wadda ta gwada?

Anti Rabi: Allah ya ba shi lafiya. Ki fara duba lambar NAFDAC.

Maman 'Yan Biyu: Don Allah kar ki fara. Hassana na saya wa, kwalba na ƙarewa ina sayen wata, har akuyata na sayar. Yarinya ta kama ci ba ji ba gani, ta yi kumatu, barci kuwa sai an tashe ta, ni ko ina ta murna. Da muka koma awo nauyi ya ɗan motsa, tsawo yana nan inda yake. Ma'aikaciyar ta karanta kwalbar ta ce an haɗa shi da maganin buɗe ciki mai sa barci, wanda ba a ba ɗan ƙasa da shekara biyu. Wallahi ranar kuka na yi. Zawon da ke cinye ta kuwa ko taɓa shi bai yi ba.

Anti Rabi: Innalillahi.

Sista Hadiza: Maganar amino asid ɗin tana da tushe. Da su jiki ke gina tsoka da fatar cikin hanji, kuma guda 9 dole sai daga abinci. A Malawi an auna jinin yaran da suka tsumbure, aka tarar amino asid ɗinsu ya gaza na sauran yara. Amma a Gambiya an ba jarirai gulutamin, ɗaya daga cikin amino asid ɗin, bai ƙara musu girma ba. Gero, dawa da masara duk suna da ƙarancin laisin, ɗaya daga cikin 9 ɗin nan, shi ya sa koko zalla ba ya riƙe yaro. A haɗa da wake ko waken suya, gyaɗa, garin busasshen kifi, ƙwai, madara. Kar ki yaye shi yanzu. In zawo ya zo, a ba shi ORS, ruwan gishiri da sukari, da ƙwayar zink ta kwana 10 zuwa 14.

Hajiya Babba: Ƙwai kuma? Mu dai a gidanmu ba a ba yaro ƙwai, sata yake koya.

Maman 'Yan Biyu: Haba Hajiya, a tsadar nan ai mu iyayen za mu fara satar.

Hajiya Babba: Ku 'yan zamani komai sai kun musa.

Sista Hadiza: Ki yi haƙuri Hajiya, ƙwai ba ruwansa da hali. A Ekwado an riƙa ba jarirai ɗaya kullum wata 6, tsumburewa ta ragu sosai. Da aka maimaita a Malawi tsawo bai canja ba, don haka ba abinci kaɗai ba, a kula da ruwan sha da ƙasar da yaro ke rarrafe a kai. Hanjin da datti ya kumbura ba ya tsotsar abinci yadda ya kamata. Maman Hanif, an ba shi maganin tsutsar ciki?

Maman Hanif: A'a Sista.

Sista Hadiza: Ki kai shi ranar awo, ki gaya musu zawon ya daɗe.

Ummi Kunu: Ina da garin kunun yara na Tom Brown, soyayye, a yi min magana.

Anti Rabi: Ummi, wancan da kika aiko ya yi gyaɗa da yawa. Nawa mudu yanzu?